Farar Yakuwar Malam Surajo

A duk faɗin birnin Greensboro na Amurka ni kaɗai nake kiransa Malam ina nufin malami. Sauran mutanenmu Baba Surajo suke ce masa, wasu ma Baba Mai Ganye, su faɗa suna 'yar dariya kamar sun yi masa wata gwaninta. Mutumin nan shekara ashirin da bakwai ya yi yana koyar da kimiyyar noma a wata sakandare a ƙasar Gumel. Ni Suwaiba na zauna a ajinsa shekara uku, kuma aikin jinyar da nake ci da shi yau a wajensa na ɗauko tushensa. In kun ji muryata tana hawa a cikin labarin nan ku yi haƙuri, na gwada ba da shi cikin sanyi na kasa.

Ɗan manoma ne, na huɗu cikin 'ya'ya tara, kuma shi kaɗai aka sa a boko, ba don an hango basira a tare da shi ba, sai don an ga ba zai iya da garma ba. Siriri ne har gobe, dogo, ga ɗan ranƙwafawa, ga magana a hankali mai sa mai gaggawa ya ƙosa. Makarantarmu tana da wani ɗaki da aka rubuta wa ɗakin gwaje-gwaje a ƙofa, amma abin da ke ciki buhunan siminti ne da karyayyun kujeru. Da wani malamin ne sai ya zana hoto a allo ya ce mu haddace. Malam Surajo kuwa kududdufin bayan makaranta ya tura mu, mu tsinko masa ciyawar da take tsirowa a cikin ruwa.

Ya saka ta a kwalba cike da ruwa, ya kifa mata kwali mai ƙofa biyu, ɗaya ta leƙe, ɗaya ta haske. Ya sa wata ɗaliba ta riƙe madubi tana turo rana ta ƙofar hasken, shi kuma yana toshe ƙofar da ledar alawa, wani lokaci ja, wani lokaci shuɗiya, wani lokaci koriya. Aikinmu shi ne mu ƙirga 'yan ƙwayoyin iskar da suke tasowa daga jikin ciyawar a minti ɗaya. A jan haske sai su yi ta tasowa har mu rikice da ƙirga. A shuɗi ma haka, da ɗan ragi. Da ya sa koriyar leda sai abin ya yi sanyi, ɗaya ta taso, ka jira, ka jira, sannan wata ta biyo.

"Hasken rana da kuke gani fari, launuka ne a cakuɗe," in ji shi. "Ganye madafi ne. Yana jan ruwa daga ƙasa, ya ɗauki iska, ya dafa su da haske su zama abincinsa. Wannan iskar da kuke ƙirgawa ita ce alamar girki yana tafiya. Ja da shuɗi su ya fi sha. Kore yana taɓawa, amma shi ya fi mayarwa, shi ne yake faɗowa idonku ku ce ganye kore ne. Launin da kuke gani a jikinsa, sauran da ya bari a kwano ne."

Ina 'yar shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma maganar ta zauna mini daram.

Bayan ya yi ritaya matarsa ta rasu, sai 'yarsa Daso da ke aure a nan ta yi masa takardu ya zo. Bai cika shekara biyu ba aiki ya mayar da mijinta Houston. Malam ya ce shi ya gaji da ƙaura, ya kama ɗaki ɗaya a wani tsohon gida a unguwar Glenwood, maƙwabtansa duk ɗaliban jami'a masu kekuna. Takardunsa na koyarwa ba wanda ya ko buɗe su. Aikin da ya samu shi ne goge-goge a wani gini na jami'a. Ya shiga bas da sassafe, ya wuni yana tura tsumma a gaban ɗakunan gwaji masu ƙofar gilashi, yana hango na'urorin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa daga hoton littafi. Akwai wata shuka a tukunya da aka ajiye a wani lungu mai duhu a ginin, tana ta zubar da ganye. Kullum da safe sai ya matsar da ita bakin taga, har ta farfaɗo. Ladan da ya samu shi ne wata 'yar takarda da aka manna a jikin tukunyar, wai masu shara su daina taɓa abin da ba su sani ba. Da ya ba ni labarin dariya yake yi. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ni ce nake yi masa, kuma ina yi da kyau.

Na fara ganinsa ne a zauren ƙungiyarmu, wani tsohon kanti da muka kama, inda ake taron suna da karatun yara ranar Asabar da shan ruwa idan azumi ya zo. Yana tattara kofunan da aka sha shayi. Na saki jakata na durƙusa har ƙasa, mutane suka bi ni da kallo kamar na zautu. Wata ta ja ni gefe ta ce, "Dama kin san Baba Mai Ganye?" Na ce mata da za a tara ilimin duk mazan da ke hakimce kan kujerun can, ba zai cika aljihun rigarsa ba. Ta ce in rage murya.

Ganyen da ake tsokanarsa da shi yakuwa ce, amma ba irin wadda kuka sani ba. Farar yakuwa ce ta mahaifiyarsa, mai faɗin ganye, tsaminta ba ya kashe haƙori, soɓonta fari fat. Tun da 'yan kasuwa suka fara bin ƙauyuka suna sayen jan soɓo buhu-buhu don fitarwa waje, kowa ya koma shuka ja, farar ta ɓace a gonaki ba tare da wani ya lura ba. Da Malam ya aika gida neman gurguzunta, wato irinta, ƙannensa dariya suka yi masa. Da ƙyar aka samo cikin gwangwanin madara guda a wata tsohuwar tukunyar marigayiyar. Wata takwas ya yi yana bin takardar izinin shigo da iri, don shi ba ya yarda a cusa masa abu cikin safa a ƙasan akwati yadda wasunmu suka iya.

Anti Sahadatu, 'yar zangon Kumasi mai gida da ƙaton fili a Pleasant Garden da ke bayan gari, ita ta ba shi kunyoyi uku a filin da ke bayan ɗakunanta. Sai dai yakuwa ba ta san yanayin jiharmu ta Carolina ba. Ba ta fure sai wuni ya fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba, kuma kafin gurguzu ya nuna, sanyin nan mai daskarar da raɓa yana hanya. Shekara biyu ya yi sa'a ya tsira da iri. Shekara biyu a jere bayan nan sanyi ya riga shi, ya ƙone komai. Abin da ya rage sai tsohon iri a gindin gwangwani, shi kuwa iri mutuwa yake yi a ajiye. Ya gwada guda goma a jiƙaƙƙen tsumma, uku ne suka tsaga.

Sai ya yanke shawarar ya shuka duka, tun a Fabrairu, a cikin ɗaki, yadda kafin sanyi ya wuce sun yi ƙwari, su shiga gona da girmansu, su yi fure da yawa kuma da wuri. Ya ce idan ya ajiye rabi zuwa wata shekara, gawa zai ajiye. Mai gidan da yake haya ya hana shi jona manyan fitilu, wai wayoyin gidan sun tsufa. A bayan zauren ƙungiya kuwa akwai wani sito mai 'yar taga ɗaya da ba ta ganin rana, tana kallon wurin ajiye motoci. Ya nemi izinin shugabanmu, Alhaji Rilwanu. Alhaji yana waya, ya ɗaga masa hannu alamar ya je ya yi.

Alhaji Rilwanu dillalin motoci ne, gidansa yana Sedgefield, bakin filin da ake buga golf. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, a gidansa na zauna wata huɗu, shi ya yi mini waliyyi. Aibinsa ɗaya ne, tun da nake ban taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. In ana maganar ciwon suga likita ne, in ana maganar ganin wata shi ne masanin taurari.

Ni na kai Malam a motata muka ɗauko fitilun, dogaye guda biyu, cike da ƙananan ƙwayaye ja da shuɗi, in suka haɗu sai sito ya yi wani launi tsakanin ruwan hoda da shuni. Ya rataye su kamar taƙi ɗaya a saman tire huɗu, ya sa musu agogon da zai kunna su bakwai na safe ya kashe su bayan sa'a goma sha huɗu. Cikin kwana goma guda arba'in da ɗaya suka tsiro, gajeru, masu kaurin kara, ganyensu kore shar. Yarana yake ce musu. Kullum in ya tashi aiki sai ya hau bas biyu ya je ya duba su.

Ana saura kwana huɗu azumin bara, wanda ya kama a farkon Maris, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Aka ce jijiyoyin zuciya ne, sai an yi tiyata. Daso ta taso daga Houston. Kafin a shiga da shi ya sa aka kira ni, ya ce, "Suwaiba, ruwa kaɗan, bayan kwana bibbiyu. Fitila kada a taɓa. Shi ke nan." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an gama.

Ran uku ga azumi na tashi aiki na iso zaure gab da magariba, na wuce sito da butata. Ina tura ƙofa na ga wurin ya koma wani dushi-dushin kore. Fitilun Malam babu su. A madadinsu an zagaye tire-tiren da igiyoyin ƙananan korayen ƙwayayen nan da muke ƙawata zaure da su lokacin Mauludi, har da 'yar kwalliya aka yi musu a kusurwa.

Abin da ya faru, kamar yadda na ji daga baya, mutane ne suke fitowa daga mota suna ganin taga tana jan haske. Wani ya ce wurin ya yi kama da gidan rawa. Wani mai ganin ya fi kowa sanin gari ya ce ai da irin wannan fitilar ake noman wiwi a ɓoye a ƙasar nan, in 'yan sanda suka gani mun shiga uku. Ba wanda ya leƙa ya ga yakuwa ce. Ba wanda ya ce a rataya labule a tagar, abin da tsohon zani ɗaya zai gama. Alhaji da kansa ya naɗe babbar riga ya hau kujera ya kwance su.

Na same shi a tsakiyar maza ana jera dabino. Na rusuna na gaishe shi, na ce, "Alhaji, fitilun Malam ne ban gani ba."

"Suna but ɗin motata, ba abin da ya same su. Bayan ƙaramar salla sai a mayar. 'Yata, watan ibada ne, mutane suna zuwa da family, ga neighbours suna kallonmu. Jar wuta a tagar wurin da ake salla? Haba."

"Alhaji, ai Malam ya ce ja da shuɗi ne suke..."

"Ke ma da karatunki? To tsaya. Ganye wane launi ne?"

"Kore ne, Alhaji."

"To! Abu kore ka ba shi ja? Mun ba shi nasa. Kuma kore launinmu ne, shi ne launin tufafin 'yan aljanna. Albarka ma za su ƙara."

Maza suka yi dariya, wani ya ce wallahi Alhaji ya kawo hujja. Amsa tana bakina cikakkiya, da kwalbarta da madubinta da ledar alawarta. Sai aka kira salla, na ce, "To, Alhaji," na koma wajen mata.

Wannan "to" ɗin ita take hana ni sakewa har yau. An raine mu a kan ba a mayar wa babba magana a gaban mutane, balle wanda ka ci tuwon gidansa wata huɗu. Na ce gobe zan same shi shi kaɗai. Gobe na same shi, ya ce bayan salla. Jibi na bi ta hannun Hajiyarsa, ta ce in ƙyale Alhaji da azumi a bakinsa. Ina da mota, ina da hannu biyu, tire huɗu ne kacal. Ban ɗauke su ba don kada a ce Suwaiba ta yi wa Alhaji tsaurin ido.

Anti Sahadatu ta leƙa siton, ta dawo kicin ta ci gaba da dama kunu. "Ei, ƙanwata, wannan wuta bai yi ba. Sure na Baba zai wahala paa." Su sure suke ce wa yakuwa. Na ce to ta faɗa wa Alhaji mana, ita da ta girme shi. Ta ce ita ba ta shiga harkar 'yan Nijeriya, kada a ce 'yan Gana sun zo da raini. Haka muka tsaya mu biyu, manyan mata, muna faɗa wa tukunya gaskiya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, bayan mako guda shukar ta yi tsawo. Ta yi tsawo sosai. Alhaji ya dinga jan baƙi zuwa sito. "Come and see! Ku dubi yadda suka miƙe. Da can a ƙarƙashin jar wutar nan a tsugune suke." Mutane suna ta masha Allah. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na so in yarda, don yardar ta fi sauƙi. Amma na san abin da nake gani. Shukar da ba ta samun haske ba girma take yi ba, miƙa wuya take yi tana neman inda rana take, tana cinye ɗan abin da ta tara. Karan da yake da kauri ya koma kamar zare, ganye ya koɗe, sababbin da suke fitowa 'yan mitsi-mitsi. Koren haske dama shi ne wanda ganye bai cika amfana da shi ba, ga shi kuma waɗannan ƙwayayen na ado ne, ko wasiƙa ba za ka iya karantawa da su ba. Ɗan ɗumin da manyan fitilun suke bayarwa ma ya tafi tare da su. Ni kuma da na rasa abin yi sai na dinga ƙara musu ruwa, abin da aka ce mini kada in yi.

Na je duba Malam a Glenwood bayan an sallamo shi. Yana kwance rungume da matashi a ƙirji, ya rame, amma tambayarsa ta farko ita ce, "Ya yarana?"

"Suna nan, Malam. Sun yi tsawo."

Ya buɗe ido sosai. "Tsawo ko kauri?"

Daso ta shigo da magani. "Baba, please, no farming. Likita ya ce kada ka sa komai a ranka. Anti Suwaiba, don Allah." Na ji daɗin shigowarta, kuma wannan jin daɗin ma ina jin kunyarsa.

Wajen ashirin ga azumi suka fara kwanciya. Gindin kara ya yi baƙi ya tsuke, shuka ta faɗi ta gefe, yau biyu, jibi biyar. Alhaji ya daina kai baƙi. Da na gaya masa, cewa ya yi irin ne ya tsufa, dama Baba Surajo da bakinsa ya faɗa. Aka yi salla, aka ci aka sha, fitilun suna but ɗin mota har wasu kwanaki bayan nan don ya mance da su.

Ranar da Daso ta kawo Malam zaure Asabar ce da hantsi, yara suna karatu, iyaye suna zaune. Ya tako a hankali har ƙofar sito. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya miƙa hannu ya zare igiyar korayen ƙwayayen daga soket, ya buɗe ƙofa sosai don hasken waje ya shigo, ya bi tire-tiren ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga matattun da ɗan yatsa. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Suwaiba, kin manta ne?"

"Ban manta ba, Malam."

"Da kin ce kin manta, da ya fi mini sauƙi."

A hankali ya faɗa, yadda yake faɗin komai. Na sha zagi a ƙasar nan daga bakin tsofaffin da nake yi wa wanka a gidan jinya, amma ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan. Na tsaya ina kuka kamar 'yar aji ɗaya.

Alhaji ya shigo da fitilun a hammata yana fara'a. "Baba Surajo, sannu da jiki! Ga kayanka. Ka yi haƙuri da abin da ya faru, ƙaddara ce. Ganye ne ai. Yanzu zan yi maka order online, packet goma, kafin Laraba sun iso."

A nan ne bakina ya buɗe, bayan wata guda, lokacin da ba shi da sauran amfani. Na ce, "Alhaji, kada mu laɓe bayan ƙaddara. Yunwa ce ta kashe su, kuma mu muka hana su abinci. Wannan irin ba a sayar da shi." Alhaji ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana, ya ce, "Babu abin da ba a sayarwa a Amurka, 'yata." Malam ya karɓi fitilunsa ya ce, "Na gode, Alhaji." Har yau akwai matan da suke amsa gaisuwata a ciki-ciki, wai na yi wa Alhaji rashin kunya a gaban yara. Yakuwar da ta mutu kuwa ban ga wanda ya ɓata rai dominta ba. Ranar Laraba irin Alhaji ya iso kamar yadda ya faɗa, ya aiko da shi har Glenwood, kowace 'yar jaka da hoton jan soɓo a jikinta.

Guda huɗu Malam ya samu da sauran rai. Ya sake musu ƙasa, ya binne dogayen karan har wuya, na ɗauke su na sa a mota na kai falona, muka rataya fitilun a ƙarƙashin teburin cin abinci. Ɗaukar ba ta ci minti biyar ba, kuma ba wanda ya ce mini kanzil. Uku suka bi 'yan'uwansu cikin mako guda. Ɗaya ta tsaya, ta yi kwana goma ba ta gaba ba ta baya, sannan ta fitar da sabon ganye mai duhu.

A watan Mayu muka dasa ta a filin Anti Sahadatu, ita kaɗai a tsakiyar kunyoyi uku. Malam bai koma aiki ba, ƙarfinsa bai kai ba, don haka duk ranar da nake hutu sai in ɗauke shi mu tafi Pleasant Garden, ya zauna a kujera kusa da ita yana cire mata tsutsa da hannu. A mota ba ya tayar da abin da ya wuce, sai dai ya tambaye ni aiki da yara, ni kuma in yi ta zuba surutu don kada shiru ya yi yawa. Ta yi ganye mai kyau, amma ba ta taɓa cike gurbin watan da ta rasa ba. Yakuwar da ya kamata ta kai kafaɗa ta tsaya a ƙugu. Furenta na farko bai buɗe ba sai tsakiyar Oktoba, kuma bakwai kacal suka ƙulla.

Da aka fara sanar da sanyi, Anti Sahadatu ta dinga lulluɓe ta da zannuwan gado kowace yamma, ta yaye da safe. Haka aka yi kwana biyar. A farkon Nuwamba aka ce wanda ke tafe zani ba zai tare shi ba. Malam ya tsinke ganyen duka, ya sare ta daga gindi, ya rataye ta a ɗakinsa kai a ƙasa, ko 'ya'yan za su ƙarasa nuna a jikin kara. Bayan mako biyu ya kira ni. Ya fasa ƙwanson bakwai ɗin a farin faranti ina kallo. Gurguzu mai kyau baƙi-baƙi ne mai tauri, wannan kuwa fari ne, a lotse, in ka matsa shi ya murje a yatsa. Duk da haka ya zuba su a kofin ruwa, ya ce mai rai nutsewa yake yi. Muka zauna muna kallon kofi. Duka suna yawo a sama.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya tashi ya zubar a gindin wata bishiya a tsakar gida.

Busasshen ganyen bai fi cikin kwano ɗaya ba. Ya ba Anti Sahadatu ya ce ta yi miya da gyaɗa ranar wani suna da za a yi a zaure, a kai wa dattawa. Na ce, "Malam, su? Wallahi da ni ce ko ƙamshinta ba za su ji ba." Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa dafa ta ta ci ita kaɗai ba, shi ma ba zai fara ba.

Ni na kai kular wajen maza, na tsaya daga bakin ƙofa da butar wanke hannu. Ƙaramar tukunya ce, kowa cokali bibbiyu ya samu a kan tuwonsa. Alhaji Rilwanu ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya lumshe ido.

"Kai! Wace miya ce wannan? Rabona da wannan ɗanɗanon tun ina yaro a ɗakin kakata. Baba Surajo, taka ce? Wallahi baɗi ka shuka mana da yawa. Ni zan ba ka fili, da duk abin da kake so."

"Babu iri, Alhaji."

"To a aiko daga gida mana."

"Gida ma babu. Wadda ke hannunka ita ce ta ƙarshe."

Alhaji ya dubi Malam, ya dubi lomar da ya riga ya gutsuro, miya tana bin yatsunsa. Ba wanda ya sake kai hannu kwano. Malam ya gyara zama ya ce, "Ci mana, Alhaji, kada ta huce."